Me ya sa Abuja ba ta tafiyuwa da ƙafa?

Ƙarfe biyar da rabi na asuba a Mararaba. Jama'a sun yi cirko-cirko a bakin titin Keffi suna jiran mota: masinja, malamar makaranta, mai gadi, ƙaramin ma'aikacin gwamnati. A Abuja suke aiki, amma a jihar Nasarawa suke kwana, don can ne kuɗin haya ya zo daidai da aljihunsu.

To yaya aka yi aka zo nan?

A 1976 gwamnatin Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni. A 1979 aka kammala taswirarsa, sannan a ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta baro Legas. A takarda tsarin ya yi kyau. Kowace unguwa da makarantarta, da asibitinta, da kasuwarta, an kuma ware hanyoyi don manyan motocin haya da jirgin ƙasa. Sai dai da aka zo aiki, manyan tituna aka sa a gaba, filayen cikin gari kuwa suka faɗa hannun masu hali. Jirgin cikin gari bai fara tafiya ba sai 2018, ya tsaya lokacin korona, ya dawo a 2024. Har yau bai leƙa Mararaba ko Nyanya ba.

Nan fa lissafin yake. Gida mai arha a nesa, arharsa ta baki ce. Abin da mutum ya rage a haya, shi zai zuba a kuɗin mota safe da yamma, balle tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ga cunkoso. Uba ya fita yara na barci, ya dawo sun yi barci. Alhali a Maitama da Asokoro ga manyan gidaje nan a kulle, daga mai gadi sai ƙadangaru.

Ko a cikin garin ma, gwada zuwa sayen burodi da ƙafa. Katanga, katanga, sai titi mai layi-layi da ba ya tsallakuwa sai da addu'a. Tun 2006 aka hana acaba a tsakiyar birni, don haka wanda ba shi da mota sai tasi, ko ya sha rana.

Yanzu ku dubi cikin birnin Kano. Ba wai ba matsala ba, akwai ta kwata da ta shara, kowa ya sani. Amma daga ƙofar gida, masallaci taku kaɗan ne. Ga makarantar allo, ga mai kayan miya, ga mai shayi, ga dakalin da dattawa ke majalisa bayan la'asar. Lungu ƙunci gare shi, shi ya sa yake da inuwa, mota ma ba ta samun damar gudu, yaro na iya zuwa aike shi kaɗai. Attajiri da lebura kan zauna a layi ɗaya, su haɗu a sahu ɗaya.

Abin da masana tsara birane ke ta fafutukar dawowa da shi ke nan: a bar shaguna su zauna cikin unguwa, a yarda a gina ƙananan gidajen haya kusa da wurin aiki, a yi gefen titi mai bishiyoyi, a bar fili don zaman jama'a. Sababbin unguwannin da ake yankawa a Lugbe da Kubwa da Karshi, yanzu ne ake dasa musu harsashi, kuma abin da aka fara tanada a yawancinsu shi ne katanga da get.