Ina Gurbin Masanin Zamantakewa a Harkar Lafiya?

An rubuto wannan daga faifan laccar da aka yi wa ɗaliban sashen ilimin zamantakewa. An rage maimaici da wasu gaishe-gaishe.

Assalamu alaikum warahmatullah. Malam shugaban zama, malamaina da ke nan gaba, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Na san abin da ya kawo yawancinku: kuna jira in karanto sunayen masu ba da tallafin karatu ku rubuta ku tafi. Zan zo wurin. Amma ku bari in fara da shan-inna, domin a nan aka fi gane amfanin karatun nan namu da ake yi wa kallon karatun rashin madafa.

A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohin Arewa, bisa zargin cewa an sa wa maganin abin hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, bayan an kawo magani daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. A tsakanin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Masana na waje suka ce jahilci ne, suka rufe littafi. To amma mutumin Kano bai manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200. Yara 11 daga cikinsu sun rasu. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su, iyaye suka ce ba a fayyace musu cewa gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Akwai kuma tambayar da magidanta suka riƙa yi a ƙofar gida, wadda masaniyar zamantakewa Elisha Renne ta bi diddiginta a bincikenta na Zariya. Ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro ne ke kwashe mana yara, in mun je asibiti kuɗi ake nema, to me ya sa wannan kaɗai ake biyo mu da shi har ɗaki kyauta? Ku faɗa min, wannan tambayar jahili ce? Ba a amsa ta da injin gwaji ba. Sai da aka jawo sarakuna, aka kafa kwamitinsu na Arewa kan lafiya matakin farko a 2009 da sa hannun Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar. Sai da aka ɗauki matan unguwa waɗanda za su iya shiga gida ba tare da an yi musu iso ba, aka kuma fara haɗawa da magungunan cututtukan da mutane ke kuka da su. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Digon da ake ɗiga wa yaro aikin likita ne, amma buɗe ƙofar gidan nan aikinmu ne, ko da an rubuta shi da sunan wani.

Mu koma ɗakin haihuwa, inda na fi daɗewa ina aiki. A binciken lafiya na ƙasa na 2018 an ƙiyasta mata 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma a Arewa maso Yamma waɗanda ke haihuwa a asibiti ba su kai kashi 20 cikin 100 ba. Tun 1994 masu bincike Thaddeus da Maine suka kasa matsalar gida uku: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkiri a hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Ku duba da kyau, na farko gaba ɗayansa zamantakewa ne. Yarinya mai cikin fari tana jin naƙuda ta danne saboda kunya, don kar a ce raguwa ce. Maigida ya tafi cirani, ba wanda zai ba da izini. Jijjiga ta kama ta, a ce iska ce, a nufi wajen mai ruƙiyya. Doguwar naƙuda ta kwana biyu, daga nan sai yoyon fitsari, sai asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina in an yi sa'a.

Bari in ba ku labarin kaina. Ina ɗalibi aka ɗauke mu aikin cike takardun tambayoyi a wani ƙauye. Akwai tambaya: wa ke yanke shawarar kai mai ciki asibiti? Kusan kowace mace ta ce maigida. Muka cika, muka miƙa, aka biya mu. Da daddare ina hira da wata dattijuwa ungozoma, ta yi dariya ta ce, “Ɗan nan, ai maigida kuɗin mota kawai yake bayarwa. In uwarsa ta ce a bari a ga wayewar gari, wa zai ɗaga ta?” Rahoton ya fito yana cewa a wayar da kan maza. Uwar miji ko sau ɗaya ba a ambace ta ba, domin wanda ya tsara takardar bai bar mata gurbi ba, ni kuma da na ji ba wanda ya tambaye ni. Har yau abin yana cina.

Kada kuma ku ɗauka ina cewa duk abin da muka gada daidai ne. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Amma wanda zai je ya ce wa kaka ta rage kanwa, dole ya san me wankan jego yake nufi a wurinta, in ba haka ba da ruwan zafin za ta kore shi.

Jinkiri na uku kuwa, ku leƙa maƙwabta. A Yamai akwai cibiyar bincike ta LASDEL, inda Jean-Pierre Olivier de Sardan da abokan aikinsa suka juya fitila daga kan marar lafiya zuwa kan ma'aikaci: yadda ake tarbar wanda ba shi da kowa a asibiti, da yadda ake tarbar mai hanya. Da Nijar ta ayyana kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a 2006, sun bi sun nuna yadda jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya bar kantocin magani wayam. Irin wannan aiki ya yi mana ƙaranci a nan, kuma Maraɗi ta fi Landan kusa da mu.

Yanzu ga abin da ke gudana. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don asusun kula da lafiya matakin farko. A 2022 aka sa hannu kan sabuwar dokar inshorar lafiya wadda ta wajabta ta kan kowa, da tanadin asusu na marasa galihu. Duk da haka sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita. To ga tambayoyi nan zube. Wane ne marar galihu, kuma wa ya rubuta sunansa, mai unguwa ko kansila? Ɗan kasuwar Kwari da ke zuba adashi kullum, me ya hana shi zuba inshora, shakkar halaccinta ko shakkar wanda zai riƙe kuɗin? Me ya sa mai kemis ne likitan farko a kusan kowace unguwa?

Sannan ga mashaƙo da ya addabi Kano a 2023, cutar da ke da rigakafi tun tuni. A Oktoban shekarar aka fara yi wa 'yan mata rigakafin sankarar bakin mahaifa, kuma kun san irin maganar da za ta biyo bayan allurar da aka ce ta 'yan mata ce kaɗai. A Disamban 2024 aka fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Kebbi da Bayelsa. Lokacin shan-inna jita-jita a majalisa da rediyo take yawo, yanzu saƙon murya ne a WhatsApp, kafin asuba ya kai Agadas.

Labari marar daɗi shi ne na 2025, da gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji a ƙasashen waje, USAID. Ayyuka da yawa sun tsaya, kuma wasu yayyenku da suka dogara da su sun koma gida. Ba zan yaudare ku ba, kasuwar ƙungiyoyin agaji ta ja baya. Sai dai gwamnatocin jihohi da hukumomin taimakekeniyar lafiya yanzu dole su san inda kowace naira ke zuwa, kuma ba su da isassun mutanen da suka iya auna hakan.

To ina ƙofofin? Ga malamai, TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, na da asusun bincike na ƙasa da na cikin makarantu, kuma sau da yawa abin da ke kayar da mu rubutun neman ne, ba rashin batu ba. CODESRIA da ke Dakar tana shirya horo da tallafi ga masu binciken zamantakewa. Shirin CARTA yana ɗaukar nauyin digirin dakta kan lafiyar al'umma, amma ta jami'o'in da ke cikinsa ake shiga, irin su Ibadan da Ife, don haka ku nemi haɗin gwiwa. Akwai tallafin Commonwealth. Akwai sashen TDR na Hukumar Lafiya ta Duniya, mai kula da binciken yadda ake aiwatar da shiri a ƙasa. Ranakun rufewa suna canzawa, kowa ya duba da kansa.

Kafin ku nema, ku riƙe abu biyu. Ku koyi lissafin ƙididdiga, ko da kun gudu daga kimiyya ne saboda shi. Na ga wasu suna dariya, to gaskiya ce. Manhajar ƙididdiga ta R kyauta ce, kuma bayanan binciken lafiya na ƙasa tun daga 1990 an tara su don masu nazari, amma waɗanda suka fi rubutu a kansu ba su taɓa kwana a Gumel ba. Na biyu, ku koyi zama ku saurara, ku rubuta hira da Hausarta kafin a fassara. Idan uwa ta ce ɗanta na da shawara, ko tamowa, ko ta ce haƙori ne, kowace kalma tana da hanyar maganinta daban, kuma mai fassara cikin gaggawa zai dunƙule su.

Kuma don Allah, duk binciken da ya shafi mutane a bi ta kwamitin ɗa'a, a nemi yardar mutum da harshen da yake ji. Mu da aka yi 1996 a ƙasarmu bai kamata a tuna mana wannan ba. In an ɗauke ku tattara bayanai, ku karɓa, ba laifi, ni ma ta nan na fara. Amma tun ranar farko ku tambaya: zan ga bayanan bayan an gama? Sunana zai fito a rubutun? In an ce a'a, ku riƙe littafinku na daban, ku rubuta abin da takardarsu ba ta tambaya ba, ban da sunayen mutane.

Malam shugaba yana nuna min agogo, kuma na ji an fara kiran la'asar. Malama mai jan mayafi a layi na uku, tun ɗazu hannunki yana sama. Bismillah, a miƙa mata abin magana, mu ɗauki tambayarki kafin mu tashi.