Yaro Ɓul-ɓul Ma Yana Iya Rasa Jini: Jawabin Kwamitin Lafiya A Taron Hausawa Mazauna Bankok

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe shugaba, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da wannan zama.

Kwamitin lafiya ya zo da magana kan yaranmu da ke tasowa a nan Tailan. A gida idan aka ga yaro ya yi kumatu, wuya ya yi jiya-jiya, sai a ce tubarkalla, uwarsa ta iya kiwo. Ƙarancin jini kuwa mun saba jingina shi ga ramammen yaro mai fama da zazzaɓin cizon sauro ko tsutsar ciki. To likitocin yara sun daɗe da gano cewa yaro mai teɓa ma yana cikin sahun gaba wajen ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi. Binciken da aka buga a Amurka a 2004 ya nuna yara masu ƙiba sun kusa ninka sauran yara wajen wannan matsala. A 2008 kuma masana daga Zurik ta Suwizalan da Jami'ar Mahidol ta nan ƙasar suka auna yadda hanjin matan Tailan ke tsotse ƙarfe daga abinci, suka ga gwargwadon ƙibar mace, gwargwadon raguwar abin da jikinta ke ɗauka. A cikin wannan aikin dai, yara masu ƙiba a Maroko da Indiya da aka ba abincin da aka ƙara wa ƙarfe ba su farfaɗo kamar sauran ba.

Dalili na farko kowa na iya ganinsa da ido. Farar shinkafa, soyayyen kaza, indomi, biskit da lemon kwalba daga shagunan 7-Eleven, shayin nan mai ruwan goro da ake zuba wa madarar gwangwani da ƙanƙara: duk suna cika ciki, suna tara kitse, ƙarfen da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba. Gwangwanin lemo guda yana ɗauke da sukari kimanin ƙaramin cokali 8. Ba banza gwamnatin Tailan ta ɗora haraji kan kayan sha masu zaƙi tun 2017 ba. Ga kuma girman jiki: jikin da ya fi girma ya fi yawan jini, don haka buƙatarsa ta fi yawa.

Dalili na biyu shi ne wanda muke so a tsaya a kansa, domin shi ke sa iyaye su ce "ai yana cin nama" amma gwaji ya ƙaryata su. Hanta tana fitar da wani sinadari mai suna hefsidin. Aikinsa gadi ne. Ƙarfen da aka ci yana shiga jini ta wata ƙofa a bangon farkon ƙaramin hanji, hefsidin kuwa shi ke rufe ƙofar. Allah ya tsara shi don lokacin ciwo: idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, hefsidin ya ƙaru, ya ɓoye ƙarfe don kada ƙwayar ta samu abin ci. Kitsen tumbi idan ya yi yawa yana fitar da sinadaran kumburi a hankali, dare da rana, ba zazzaɓi ba ciwo, sai hanta ta ɗauka ana yaƙi, ta bar ƙofar a rufe. Ƙarfen da aka ci ya bi bayan gida, wanda ke ajiye a hanta da saifa kuma a hana shi fita zuwa ɓargo inda ake ƙera jini. Rumbu cike, tukunya babu tsaba.

Alamun ba sa ihu. Yaro ya riƙa gajiya da wuri, haki idan ya hau bene, rashin natsuwa a aji, saurin fushi, tauna ƙanƙara ko cin ƙasa. A fatarmu ba a ganin fari a fuska, sai a ja fatar ido ta ƙasa, a duba tafin hannu da farce. Abin takaici, gajiyar nan mukan kira ta ragwanci, mu ce ƙiba ce ta sa shi son jiki. Shi kuwa rashin jini ya hana shi guje-guje, rashin guje-guje ya ƙara masa teɓa.

Awo na gida mai sauƙi: a sa tef ɗin tela a zagaye cikin yaro daidai cibiya. Idan ya kai shekara 5 zuwa sama, kuma awon zagayen cikin ya haura rabin tsawonsa, a kai shi a duba.

A asibiti a nemi gwaji uku tare: cikakken ƙidayar jini, feritin, da CRP, wato gwajin da ke nuna kumburi a jiki. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na himogulobin, wato sinadarin da ke sa jini ja, shi ne, ƙasa da 11 ga ɗan shekara 2 zuwa ƙasa da 5, ƙasa da 11.5 ga ɗan 5 zuwa 11, ƙasa da 12 ga ɗan 12 zuwa 14, duk ƙarancin jini ne. Feritin shi ke nuna ajiyar ƙarfe a jiki, ƙasa da 12 ga wanda bai kai 5 ba, ƙasa da 15 ga na sama da haka. Amma nan ne ake tuntuɓe. Kumburi yana ɗaga feritin, sai yaro mai teɓa ya fito da 40 a ce masa lafiya lau. Shi ya sa ake haɗawa da CRP: idan ya nuna akwai kumburi, hukumar ta ce a ɗaga iyakar zuwa 30 ga ƙanana, 70 ga manyan yara. A wannan hali likita kan ƙara gwajin da ke nuna ƙarfen da ke yawo a jini.

Sai gargaɗi, kuma muna roƙon iyaye mata su riƙe shi. Kada a sayi maganin ƙarin jini a kemis a ɗura wa yaro ba gwaji. A Tailan ciwon jini na gado mai suna talasimiya ya yi yawa, musamman nau'in HbE a yankin Isan na arewa maso gabas, kuma a takardar gwaji yana kama da ƙarancin ƙarfe, domin dukansu suna ƙanƙantar da ƙwayoyin jini. Mu kuma muna ɗauke da namu gadon, sikila. 'Yan'uwanmu da suka auri 'yan ƙasar nan, yaransu na iya haɗa biyun, don haka a yi musu gwajin nau'in jini tun da wuri. Yaron da ake yi wa ƙarin jini a kai a kai ƙarfe ya riga ya yi masa yawa, ƙara masa cutarwa ne.

Idan likita ya tabbatar, yakan rubuta miligiram 3 zuwa 6 na tsantsar ƙarfe ga kowane kilo na nauyin yaro a rana, ba tare da an wuce na babba ba komai nauyinsa. A ba shi da safe, da ruwa ko ruwan lemu, ban da shayi ko madara. Kashi zai yi baƙi, wani yaron cikinsa zai ɗaure, wannan ba dalilin dainawa ba ne. Na ruwa yana ɓata haƙori, a ɗiga shi can cikin baki, sannan a kuskure bakin. Bayan wata guda a sake gwaji, ana sa ran himogulobin ya ƙaru da kusan maki 1. Mai teɓa na iya jinkiri saboda ƙofar nan da muka ambata. Kuskuren da ya fi yawa shi ne dainawa da zarar yaro ya warware, alhali sai an ci gaba wata 2 zuwa 3 kafin rumbu ya cika. A kulle kwalbar a sama, ƙwayoyin suna kama da alewa, kuma yawansu yana kashe ƙaramin yaro.

A kicin kuwa: jan nama, kifi, hantar kaza sau ɗaya a mako, wake, alayyahu, da zogale wanda ake samu a kasuwannin nan da sunan marum. Ɗan shekara 4 zuwa 8 na buƙatar miligiram 10 a rana, budurwa mai shekara 14 zuwa 18 da ta fara al'ada kuwa 15. A biyo abinci da gwaba ko gwanda ko a matsa lemon tsami, suna taimaka wa hanji ya tsotsi ƙarfen ganye. Shayi a jinkirta shi awa guda bayan cin abinci. Madarar shanu kada ta wuce rabin lita a rana ga mai koyon tafiya. Wajen mai sayar da abin sha a ce "wan noi", wato zaƙi kaɗan.

Kada a sa yaro mai girma cikin horon yunwa, hakan zai ƙara rage masa ƙarfen. A cire kayan zaƙi, a bar shi ya yi wasan da zai sa shi gumi na awa guda kullum, da yamma idan zafin Bankok ya sauka. Wani bincike a Italiya ya nuna yaran da suka rage ƙiba cikin wata 6 hefsidin ɗinsu ya sauka, hanjinsu ya koma ɗaukar ƙarfe.

Duk wanda ke da takardar gwajin yaronsa, 'yan kwamiti suna nan bayan an shafa fatiha, sai mu duba lambobin tare. Wassalamu alaikum.