Darasi: Yadda ake haɗa wa jariri madara a tafiyar jirgin sama

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka. Daga nan Kaduna muke kawo muku darasin yau, tare da malamar jinya wadda ta daɗe tana aiki a ɗakin yara. Sista, barka da zuwa. Iyaye mata sun dame mu da tambaya guda: mace ce za ta hau jirgi zuwa Legas ko Umra, ga jariri mai shan madarar gwangwani. Ta haɗa tun daga gida, ko yaya za ta yi?

Sista: Barka kadai, ƙanwata. Wadda ke shayarwa dai ta huta, ta ja mayafinta ta ba ɗanta nono, shi ke nan. Nono zalla har wata shida, a kan haka muke. Amma akwai maraya, akwai wanda mahaifiyarsa ke jinya, akwai wanda likita ya ce a ba shi madara. Da masu riƙon waɗannan nake magana. Amsar kuma a gajarce ita ce kada ta haɗa daga gida. Gari daban, ruwan zafi daban, sai yaro ya nema sannan a haɗa.

Mai gabatarwa: Ai kuwa da yawa za su ce haɗawa a gida ya fi tsafta, Sista.

Sista: A ido kam. Kin ga garin nan, ko da gwangwanin a rufe yake daga kamfani, ga lambar NAFDAC, ga ranar lalacewa da saura, ba a ce babu ƙwayar cuta a cikinsa ba. Yadda ake busar da shi ba ya kashe komai da komai. Akwai wata ƙwaya da ake kira Kuronobakta, akwai Salmonela. Muddin garin na bushe, suna nan kwance. Da zarar ruwa ya taɓa shi, ya yi ɗumi-ɗumi a cikin jaka, sai su shiga hayayyafa. Salmonela gudawa da amai take kawowa. Kuronobakta ba a cika samun ta ba, amma in ta kama jariri tana iya shiga jini, har ta kai ga sanƙarau. Waɗanda ba su kai wata biyu ba, da bakwaini, da wanda aka haifa da ƙarancin nauyi, su suka fi shiga haɗari.

Shi ya sa a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da ƙa'ida: ruwan haɗa madara kada zafinsa ya gaza digiri 70. Nan ne mata da yawa suke ɓata lissafi. Sai ki ji an ce, ai na tafasa ruwan tun safe, ya huce, mai tsabta ne. Ruwan kam mai tsabta ne, amma garin fa? Zafin nan garin ake so ya gasa. Ruwan sanyi, ko na gora mai tsada ne, ba zai kashe abin da ke cikin gari ba.

Mai gabatarwa: To wadda ba ta da ma'aunin zafi, ina za ta san digiri 70?

Sista: A gida, ki tafasa lita ɗaya, kada ki bar shi ya wuce minti 30 da saukewa. A tafiya kuwa filas ne abokin tafiyarki. Ga nawa nan na zo da shi, na ƙarfe ne, ba mai kwalba a ciki ba, don wancan da ya faɗi ya tafi. Ki fara zuba masa tafasasshen ruwa, ki rufe na ɗan lokaci cikinsa ya ɗauki zafi, ki zubar. Sannan ki cika shi da sabon ruwa, daga kan wuta kai tsaye, har wuya, ki murɗa marfin tam. Cikakken filas yana riƙe zafi awanni, rabin filas kuwa nan da nan yake salancewa. Kuma ki gwada shi kwana ɗaya kafin tafiya. Ki cika da safe, ki buɗe da azahar. In tururi bai tashi ba, in kuma kina iya riƙe kofin da kika tsiyaya a ciki hankali kwance, wannan filas na shayi ne, a nemo wani. Wanda ake zuba kunu ko shayi a ciki ma a bar shi a gida.

Mai gabatarwa: Fidar fa, guda nawa za a ɗauka?

Sista: Ki lissafa daga ƙofar gida zuwa masauki, ba awannin da aka rubuta a tikiti ba. Jirgin Legas awa ɗaya ne da 'yan mintuna a sama. Amma wadda ta taso daga Barnawa ko Tudun Wada sai ta ratsa gari, ta bi ta Mando, ta isa filin jirgi da wuri, ta zauna jira. In an ce jirgi ya yi jinkiri, to ke da haƙuri. Wata ma jirgin ƙasa za ta hau a Rigasa, ta sauka Abuja, daga can ta tashi zuwa Jidda. Wannan wuni guda ne cur. Sau nawa yaronki yake sha a wannan tsawon? Ki ɗauki fida daidai da haka, ki ƙara biyu. A wanke su da sabulu da burushi, a tafasa su minti 10 ruwa ya sha kansu, a harhaɗa kowace da kanta da marfinta tun a gida. Babu inda za ki wanke fida a jirgi.

Garin kuma ki auna shi a ƙananan robobi masu marfi, busassu ƙarau, kowace roba sha ɗaya. Da cokalin da ya zo a gwangwanin ake awo, a shafe kansa ya yi daidai, ba a dannawa, ba a tozo. Yawanci cokali ɗaya ne ga mililita 30, amma wasu kamfanonin nasu daban ne, don haka a karanta jikin gwangwani. Shi ma gwangwanin ya shiga jakar hannu. Duk abin da yaro zai sha kada ya bi akwatin da za a auna a kai ƙasan jirgi, don akwati kan yi nasa balaguron.

Mai gabatarwa: Wajen bincike fa, Sista? An ce ba a shiga da ruwa.

Sista: Tun 2006 aka taƙaita ruwa zuwa mililita 100 a kowane mazubi a jakar hannu, musamman a tafiyar ƙasashen waje. Amma abincin jariri an ware shi, muddin jaririn yana tare da ke kuma gwargwadon tafiyar ne. Kada ki jira a gano, ki fito da filas da robobin ki ce na yaro ne. Za su iya cewa ki buɗe. In jami'i ya dage sai an zubar da ruwan, ba abin faɗa ba ne, ki wuce da filas ɗinki, ki nemi mai shayi ko gidan abinci a ciki su tafasa miki a kan idonki.

To, an zo haɗawa. Ki wanke hannu da sabulu, in babu hali ki shafa man tsabtace hannu. Teburin gaban kujera kowa taɓa shi yake yi, ki shimfiɗa tsabtataccen ƙyalle. Sannan ki miƙa yaron ga maigida ko wadda ke kusa da ke. Don Allah kada a tsiyaya ruwan zafi da jariri a cinya, jirgi kan yi girgiza ba sallama. In fitilar ɗaura bel na kunne, a dakata. Ruwa ake fara zubawa zuwa layin da ake so, sannan gari, a rufe, a girgiza. Sai a nemi ma'aikatan jirgi su ba ki ruwan sanyi da ƙanƙara a kofi, ki tsoma gindin fidar, kada ruwan ya kai wuyanta. Ki ɗiga a cikin tsintsiyar hannunki, in kin ji ɗumi ba zafi ba, bismillah. Ruwan famfon bayi na jirgi daga tanki yake, ba na sha ba ne. Na shayinsu ma ban so a dogara da shi, ba ki da hanyar sanin zafinsa.

Mai gabatarwa: Na ga yara suna tsala kuka lokacin tashi da sauka.

Sista: Kunne ne. Iskar cikin jirgi ke canjawa, kunne ya toshe, mu manya mu haɗiyi yawu ya buɗe, shi kuwa bai san dabarar ba. Tsotso ke buɗe masa. Don haka ki haɗa fida ɗaya a ɗakin jira idan an fara kiran fasinja, ta huce, ki ba shi lokacin da jirgi ya ɗaga. Fidar lokacin sauka kuma ki haɗa ta kafin a kunna fitilar ɗaura bel. Wannan canjin iskar shi ne ma yake sa fida ta yi tsartuwa a sama, sai ki ɗan sassauta marfin ki sake ɗaurewa.

Mai gabatarwa: In ya sha ya rage, a adana masa?

Sista: Na san kuɗin gwangwani a yau, na san zafin zubarwa. Amma madarar da aka haɗa, awa biyu ne iyakarta a waje. Wadda ya sa wa baki kuwa, yawunsa ya riga ya shiga, ragowar ta tafi kwandon shara. Ki riƙa haɗa kaɗan, in bai ƙoshi ba ki ƙara. Wadda ba ta da filas sam, ta haɗa a gida da ruwan zafi, ta sanyaya nan take, ta sa a firji har ta yi sanyi ƙalau, ta ɗauko a kula da ƙanƙara, yaro ya shanye cikin awa biyu. Kin ga wannan ba zai kai ki Jidda ba. Mai hali ta nemi madarar ruwa da ake sayarwa a haɗe a rufe, ita an kashe ƙwayoyin cikinta tun a kamfani, amma da an buɗe ita ma awa biyun ne.

In kun sauka, ruwan masauki, na famfo ne ko na gora, a tafasa shi kafin ya shiga filas. Idan kuma jikin yaro ya yi zafi, ko ya ƙi tsotso, ko ya yi laushi, ko gudawa ta kama shi, a kai shi asibiti a garin da kuke, kada a ce sai an dawo Kaduna.