Jawabin Maraba Ga Ɗanmu Jarumin Fim, Daga Kwamitin Iyayen Yara Masu Sikila

Mai girma Dagaci, Malam Liman, iyayenmu mata, jama'a, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, sannu da zuwa gida. Daga Kano zuwa Maraɗi har Kumasi an san fuskarka, ba sai mun ɓata lokaci wajen gabatar da kai ba. Bari mu fara da abin da ya hana mu barci: firijin ajiye jini mai aiki da sola muke roƙo, don ƙaramin asibitin unguwar nan.

Ka fi kowa sanin dalili, domin da sikila aka haife ka a layin nan. Tsofaffinmu ba su manta darare na hunturu ba, idanunka sun yi rawaya, mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, tana goye da kai tana neman mota. Ta rasu kana firamare, mahaifinka ya bi ta, kakarka ta riƙe ka da kuɗin ƙosai. Ana cewa ba za ka kai ashirin ba, sai ga ka kana wasan daɓe a filin makarantar can, ka sauko ka sha magani, ka koma.

Sana'arku a Kano aka yanke mata cibi, tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990. Unguwar nan ta ba da nata kason. Zaurukanmu aka ara aka ɗauki fim, telolinmu suka ɗinka kaya, wani lokacin ma bashi. To me ya dawo mana? Masu neman ƙuri'a sun zo, sun shafa kan yaranmu an ɗauki hoto, har yau shiru.

Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo, kimanin jarirai dubu 150 duk shekara. Mun yi murna da dokar gwaji kafin aure da Jihar Kano ta kafa a 2024, amma ita tana kare waɗanda ba a haifa ba ne. Namu ga su nan a gabanka. Idan damina ta sauka, zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro, jininsa kan yi ƙasa a dare ɗaya. Sai uba ya fita ƙarfe biyu yana buga ƙofofi, neman mai ba da jini da mai adaidaita sahu zuwa babban asibiti. Wasu a hanya suke cikawa. Matasanmu sun yarda su ba da jini kyauta, wurin ajiyewa ne babu.

Muna kuma son ka taya mu magana kan tsadar hydroxyurea, maganin da ke rage wa masu sikila yawan tashin ciwo, ka kuma yi mana fim wanda mai sikila zai yi karatu, ya yi aure, ya tsufa. Waɗannan za su iya jira. Firijin ne ba zai jira wata damina ba, ranka ya daɗe. Takardar farashinsa tana hannun sakatarenmu, zai miƙa maka kafin ka tashi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya jiƙan magabata, ya mayar da kai lafiya.