Sharhi: Korona na sauya kama, masu haɗa allura na bin ta a guje

Jama'a masu saurare barkanmu da war haka. Akwai wata magana da har yau ba ta mutu ba a majalisun hira, daga Tudun Wada ta nan Gusau har Ƙauran Namoda, wai in dai allurar korona gaskiya ce to don mi anka ce a yi ta ɗaya a dawo a yi ta biyu sannan a ƙara wata wai ita busta, kuma don mi wanda anka yi ma allurar shina kamuwa?

Tambayar ba ta banza ba ce, amma amsar tana jikin ƙwayar cutar. Ita korona in ta shiga jikin mutum kwafar kanta take yi ba dare ba rana, saƙon halittarta kuwa harafi kusan 30,000 ne, to wajen kwafar nan dole kuskure ya riƙa shiga. Mafi yawan kurakuran ba su tsinana mata komai, amma jefi-jefi sai ɗaya ya faɗa kan ƙayoyin nan da ke bayanta, waɗanda da su take maƙalewa ta shiga jiki. Su kuma ƙayoyin su ne allurar Pfizer da Moderna da AstraZeneca sunka koya ma garkuwar jiki ganewa. Kamar ka nuna ma masu gadin kasuwa hoton ɓarawo da jar hula ne, ran kasuwa sai ga shi da rawani, bakin ƙofa kam zai wuce amma tsofaffin hannu za su gane tafiyar shi kafin ya yi ɓarna mai yawa. Shi ya sa mai allura kan kamu amma da wuya ta kai shi gadon asibiti.

Ku tuna watan Fabrairun 2021, Afirka ta Kudu ta dakatar da AstraZeneca don wani gwaji da anka yi kan matasa ya nuna ba ta tare ƙaramin ciwo daga nau'in Beta. Ba a yi wata guda ba mu kuma irin ta ce ta sauka Abuja, ran 2 ga Maris, kusan miliyan 4 ta COVAX, shirin duniya na raba allurar korona ga ƙasashe.

Sai nau'in Omicron a Nuwamban 2021, ita wagga sauyi sama da 30 ta zo da shi kan ƙayar kawai. Kamfunan da ke haɗa irin ta mRNA, wato Pfizer da Moderna masu allurar da ke kai ma jiki rubutaccen saƙon ƙayar, sunka ce ba damuwa cikin 'yan makonni za su sake rubutun, kuma gaskiya ne, sai dai rubutu daban gwaji daban, ga jiran izinin hukuma ga sarrafawa ga dakon kaya cikin sanyi, sabuwar allurar ba ta shiga hannun mutane ba sai wajen Satumban 2022, lokacin cutar ta riga ta haifi 'ya'ya da jikoki. A 2023 anka koma haɗa allurar kan nau'in XBB.1.5, a 2024 kuma dangin JN.1, duk zuriyar Omicron. Allurar baƙon dauro fa tun shekarun 1960 ba ta buƙaci irin wanga canji ba, don ita cutar ba ta iya sauya wurin da garkuwa ke kama ta.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne yadda anka saka ma masu faɗin gaskiya. Likitocin Botswana da Afirka ta Kudu sunka gano Omicron sunka sanar da duniya, ladar da sunka samu ita ce rufe masu hanyar jirgi, mu ma Ingila ta jefa mu jerin ja na ƙasashen da ta hana ma shiga a Disamban 2021. Cikin wannan Disamban dai hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa, NPHCDA, ta lalata allura sama da miliyan 1 a Abuja don an turo muna ita dab da ƙarewar wa'adinta, haba jama'a.

Hukumar lafiya ta duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci kan korona ran 5 ga Mayun 2023, amma kwamitinta na ci gaba da zama don zaɓen nau'in da za a haɗa allura a kai, kuma abin da ɗakunan gwaji sunka aiko shi suke dubawa. Cibiyar binciken halittar ƙwayoyin cuta ta ACEGID da ke Ede jihar Osun ta Farfesa Christian Happi ta karanta halittar korona tun Maris na 2020, alamar muna da masu iyawa ke nan. To Ede ina Gusau ina? Ya kamata gwamnonin Arewa maso Yamma su haɗa kuɗi su kafa irin ta a kusa, ko don sanƙarau da kwalara da ke zo muna kusan duk shekara.