Darasi daga Garwa: Sabunta Fentin Jitar Lantarki da Rage Mata Gurnani

MAI DARASI: Assalamu alaikum masu kallo, barkanku da war haka. Daga Garwa ta ƙasar Kamaru muke gaishe ku. Yau jitar lantarki ce a kan tebur, ta wani matashi mai kiɗa a gidajen biki. Ɗana, matso da wayar su gan ta da kyau. Kun ga fentin ya dakushe, nan gefe ya ɓantare, kuma da zarar an jona ta da amfili, wato na'urar ƙara sauti, sai ta kama gurnani tun ba a taɓa tsirkiya ba. Mai ita so yake ta koma shuɗiya. Launi dai zai samu, amma tun farko na faɗa masa fenti ba ya ƙara wa jita murya. Muryar tana ƙarƙashin farantin robar nan da kuma saitin wuya, saboda haka can ma za mu leƙa.

Wannan kwaikwayon Stratocaster ce, wadda kamfanin Fender ya fitar a Amurka a 1954. Sa'armu ke nan, domin Leo Fender asalinsa mai gyaran rediyo ne, sai ya ƙera ta yadda komai zai kwance da sukudireba. Wuyan ma sukuru huɗu ne kawai ke riƙe da shi. Da a ce irin Les Paul ce ta Gibson, wadda aka haɗe wuyanta da gam, da ban ba sabon shiga shawarar ya fara da ita ba.

Kafin ka kwance komai, ɗauki hoto. Gaba, baya, musamman wayoyin ciki. Sassauta tsirkiyu ka cire, ka ɗaga faranti, ka narkar da dalmar waya biyu da ke tafiya ramin jak, inda ake cusa wayar amfili, da ɗaya da ke ratsawa baya wajen sifirin. Sukurun kowane wuri da gwangwanin tumatir ɗinsa, don tsawonsu ba ɗaya ba ne. In ka cire wuya ka tarar da ɗan guntun kwali a cikin gurbinsa, kar ka share shi da shara. Da gangan aka sa, shi ke daidaita kwanciyar wuyan.

MAI KYAMARA: Kawu, yanzu sai a kankare tsohon fentin duka har a kai ga katako?

MAI DARASI: A'a ɗana, tsaya tukun. Miƙo min tina da auduga. Zan ɗiga a nan, wurin da faranti zai rufe. In fentin ya yi laushi ya biyo audugar, to irin na da ne mai narkewa, wanda Fender ke sawa a shekarun 1950, wannan kam gara a wanke shi duka. To duba, ko gezau bai yi ba. Foliyesta ce ke nan, fenti mai kauri da tauri wanda masana'antu suka koma kansa tun ƙarshen shekarun 1960, kuma kusan duk jita mai araha da ke shigo mana daga Sin da Indonesiya shi ne a jikinta. Maganin cire fenti na kasuwa ba ya cin sa. Sai dai bindigar zafi da makankari, ka yini kana gumi, in ka yi sake ka babbaka katakon. Bayan duk wahalar nan me za ka tarar? Sau da yawa guntayen katako ne aka harhaɗa, wani lokaci ma filawud. Tunda launi mai rufewa za mu fesa, ni a ganina tsohon fentin nan kyauta ce aka ba mu: shimfiɗa ce mai tauri wadda ta riga ta toshe ƙofofin katako. Sheƙinsa kawai za mu kashe don sabon ya samu abin kamawa.

Samfefa mai lamba 320, a naɗe a jikin ɗan katako mai baje. Kar ka goga da yatsu tsirara a fili, yatsu suna haƙa kwari, ba za ka gani ba sai ranar da banish ya hau. Inda ya ɓantare mu cike da mastik na masu gyaran jikin mota, a bar shi ya ɗan yi tozo, in ya bushe a goge ya yi daidai da sauran. Rufe idonka ka shafa da tafin hannu. In hannu ya ji gaɓa, ido ma zai gani daga baya. Ramukan sukurun da suka zarce kuwa, tsinken sakace da farin gam na kafinta, a karya a bari ya kwana.

Gurbin wuya a rufe shi da salatif ɗin takarda, domin fenti in ya taru a nan wuyan ba zai koma mazauninsa ba. Sai a ɗaura sanda a gurbin da sukuru biyu, ita ce mariƙinmu, da ita kuma za mu rataye.

[Washegari da sassafe]

MAI DARASI: Kun ga ko rana ba ta gama fitowa ba muka fito. Wannan shi ne abin da darussan Turai da kuke kallo a YouTube ba za su faɗa muku ba, domin su sanyi ke damunsu, mu kuwa abu uku ne, kowane da lokacinsa. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40. In ka fesa da tsakar rana, fentin tun a iska yake bushewa, ya sauka a kan jita kamar an barbaɗa tsakin gero, ba sheƙi sai kaushi. Da damina, musamman Agusta lokacin da kogin Binuwai ya cika, laima ce ke shiga ƙarƙashin banish ta mayar da shi fari-fari. Da hunturu kuma ƙura. Mutanen Marwa da Njamena sun fi mu sanin wannan. Lokacin da na fi so shi ne daga ɗaukewar ruwa zuwa kafin hazo ya sauko, wato ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. In aiki ya kama ka a wani lokacin, to ka yi da sassafe, a cikin ɗaki mai taga, ka yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta. Ga gidan sauro can na ɗaura, duk shafin da na gama a ciki nake rataye ta. Ba zai tare ƙura mai laushi ba, amma ƙwari da tarkacen da iska ke kwasowa ba za su manne ba.

Takunkumi dole ne, mai matatar gawayi, ba ƙyallen hanci ba. Wanda zai yi amfani da banish mai haɗi biyu na masu fentin mota, ya sani akwai guba a ciki mai lalata huhu, gara ya kai wa mai garejin da ke da kayan aikin. Kuma ɗana, kaskon shayin nan a fitar da shi waje, tururin fenti wuta yake kamawa.

Gwangwanayen fesawa ne a hannunmu, na mota. Kar wani ya raina su. Launukan da Fender ya yi suna da su a da ma fentin mota ne na kamfanin DuPont, wani shahararren shuɗinsu daga Cadillac ta 1958 aka ɗauko shi. Sharaɗi ɗaya ne: fentin ƙasa da launi da banish su zama na kamfani ɗaya, iri ɗaya. In ka ɗora mai tina a kan fentin mai irin na ƙofa, nan take zai yamutse. Gwada a guntun katako tukun.

Girgiza gwangwani minti biyu cur. Tazara kamar santimita 20 zuwa 25. Ka fara danna kan tun kafin ka iso jikin jita, ka sake shi bayan ka wuce, kowane layi ya hau rabin na baya. Gefuna da ƙahonin nan biyu su ake fara yi, sannan fili. Shafin farko yayyafi kawai, har kana hango tsohon launi.

MAI KYAMARA: Kawu, ai bai rufe ba, ga baƙin nan ana gani.

MAI DARASI: Bar shi. Sauri ya haifi nawa. In na ce sai ya rufe yanzu, zuba zai yi ya yi hawaye, sai mun jira ya bushe mu goge mu sake. Fentin ƙasa shafi biyu ko uku, a goge da 400. Launi shafi uku ko huɗu sirara. Banish shi ke son yawa, domin wani kasonsa gogewa za mu yi daga baya. Tsakanin shafi da shafi ku bi abin da aka rubuta a jikin gwangwani. Daga nan sai jira, mako uku zuwa huɗu, a inuwa. Kar a shanya a rana, sama za ta ƙame alhali ciki ɗanye ne. In ka kai hanci ka ji warin tina, ko ka danna farce a wurin da faranti zai rufe ya bar shaida, da saura.

[A teburin wayoyi]

MAI DARASI: Tunda jira ya kama mu, bari mu koma kan gurnani. Juyo farantin. Waɗannan ukun su ne mikiro, masu ɗaukar motsin tsirkiya. Kowane maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, zagaye wajen dubu takwas a na Fender na asali. In ka sa mita za ka ga om dubu biyar zuwa shida da wani abu. To naɗin nan ba tsirkiya kaɗai yake ji ba. Wutar da ke zo mana daga madatsar ruwan Lagdo bolt 220 ce, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, ita ma yana jin ta. Ka ƙara da ƙwan fitila mai araha da cajar waya da janareto a gidan biki, ka ga gurnani ya samu gindin zama.

Ga gwaji mai sauƙi tun jita tana haɗe. In ka dafa tsirkiya ƙarar ta ragu, wayar ƙasa tana aiki. In babu abin da ya canza, wayar nan ta bayan sifirin ta tsinke. In kuwa ƙaruwa ta yi, wani ya juya wayoyin jak. Ta yaron nan tsinkewa ta yi, ga bakin wayar a sake.

Bayan mun liƙa ta, za mu shimfiɗe ramukan ciki da bayan faranti da salatif ɗin jan ƙarfe. Wanda bai samu ba, takardar alminiyom ta girki da gam ma tana yi, sai dai dalma ba ta kama ta, kuma gam ba ya wuce da wuta, don haka a lanƙwasa bakin kowane yanki ya taɓa na kusa da shi ƙarfe da ƙarfe. A auna da mita daga wannan kusurwa zuwa waccan, a kuma tabbatar shimfiɗar ta haɗu da bayan bolum. A kula kar ta taɓa ƙafafun makunnin zaɓen mikiro, in ta taɓa jita za ta yi tsit gaba ɗaya. Gaskiya guda: wannan zai kashe zizar nan mai kaifi, amma gurnanin can na ƙasa ba zai tafi duka ba. Maganinsa mikiro mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙirƙiro wa Gibson, ya hau Les Paul a 1957. Naɗi ɗaya yana soke hayaniyar ɗaya. Mai son sa shi a kusa da jaki, wato ƙarfen da tsirkiyu ke hawa a jikin jita, sai ya duba ko ramin zai ɗauka, ya kuma canza bolum daga 250k zuwa 500k, in ba haka ba muryar za ta dushe. Ni dai ga mai kiɗan biki da ke son tsirkiya ta riƙa fita tar-tar, na fi son a bar masa na asali. Yawancin na yanzu in ka sa makunni a matsayi na biyu ko na huɗu, mikiro biyu ne ke haɗuwa su soke gurnanin da kansu. Kondensa kuma, 'yar abar nan da ke liƙe a bayan majuyin kaifin murya, duba lambarta: 473 ta fi rufe kaifi in ka juya shi, 223 ta fi sassauci.

Wani abu da ya fi fenti da murya muhimmanci. Tsirkiyun nan a haɗe suke da jikin amfili, kuma gidajenmu da yawa babu wayar ƙasa a soket. In ka taɓa jin ɗan ja a leɓe lokacin da kake riƙe da jita ka kusanci abin magana, ka kashe komai ka kai amfilin wajen mai gyara. An rasa rayuka ta wannan hanyar.

[Bayan fenti ya ƙame]

MAI DARASI: Farce bai bar shaida ba, alhamdu lillahi. Toshe ramukan sukuru da kakin kyandir, domin ruwa in ya shiga katako zai kumbura ya tsaga banish. Jiƙa samfefa a ruwa mai ɗigon sabulu: 800, 1000, 1500, 2000. Ana gogawa ana sharewa ana dubawa. Ɗigo-ɗigon da ke ƙyalli kwari ne, sai sun ɓace za a wuce lamba ta gaba. Bakin gefe kuwa da ƙyar ake taɓa shi, nan ne banish ya fi siranta. In ka ga shuɗi a jikin samfefa, tsaya, ka huda. Sai man goge mota da tsohuwar singileti mai laushi.

Wuya ban fesa masa komai ba. Shafa gefensa, ɗana. Ka ji bakin ƙarafan da suka raba wuyan gaɓa-gaɓa suna karce hannu? Bushewar hunturu ce ke sa katako ya tsuke, ƙarfe kuwa yana nan yadda yake. A rufe katakon da salatif a bi su da ƙaramin zarto mai laushi, kuma da rani ake yi, lokacin da suka fi fitowa. Allon yatsu a ɗiga masa man jarirai kaɗan a goge, ban da man gyaɗa ko man auduga na girki, wari suke yi su yi danƙo. Af, baƙin katakon da ake yi wa manyan jitoci allon yatsu, da yawansa daga dazukan kudancin ƙasar nan yake fita, dangin kanyarmu ne. Kamfanin Taylor na Amurka ma da abokin hulɗarsa sun sayi masana'antar yanka shi a Yawunde tun 2011.

Mun mayar da komai, mun sa sababbin tsirkiyu. Danne tsirkiya mai kauri a gaɓar farko da ta ƙarshe, ka duba tsakiya. Ratar da ake so ta shigar siririn kati ce kawai. In ta fi haka, a ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuya da alanki, rubu'in juyi, a bari ta zauna kafin a ƙara. Tsayin tsirkiya a gaɓa ta 12 kamar milimita 2. Mikiro ma kar ya matso fiye da haka in ka danne gaɓar ƙarshe, maganaɗisu zai riƙa jan tsirkiya. Daga bakin wuya zuwa jaki milimita 648 ne, gaɓa ta 12 ita ce rabi. Buɗe manhajar saiti a waya, kaɗa tsirkiya a sake, sannan danne ta a 12. In ta haura, ja ɗan jakinta baya. In ta gaza, tura shi gaba. Haka za ka bi su shida ɗaya bayan ɗaya, kana sake saiti bayan kowane juyi. Ɗana, jona min amfilin, ka rage murya tukun kar maƙwabta su fito.