Laccar Kiwo a Sakkwato: Jar Akuya da Maganar Nono

Assalamu alaikum. Malamai, iyayenmu mata da ke can baya, sannunku da zuwa.

Duk wanda ya zo mini da maganar kiwon awakin tatsa, tambayarsa ta farko ita ce ina zai samo akuyar Turawa. Ya ga Saanen a waya, farar nan ta ƙasar Suwizalan mai ba da lita 3 ko fiye a rana, hankalinsa ya tashi. To Alhaji, akuyar ƙasar sanyi ce. Ka kawo ta Sakkwato a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, sai haki, ta bar cin abinci, nonon ya ƙafe.

Jar akuyarmu fa? Duniya ta san ta da fata. Fatar ce a da ake jemewa a haura da ita Sahara, Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Nononta ba shi da yawa, rabin lita zuwa lita ɗaya in ta samu kulawa, amma tana jure rani, tana yawan haifar tagwaye, cikinta wata 5 ne. Matsalar daga wajenmu take. In buƙata ta taso, wadda ta fi kyau muke ja zuwa Kara ko kasuwar Acida, mu bar ragowar a turke, sannan mu ce irin ya lalace. Wadda hantsarta ta cika, 'ya'yanta suka yi ɓul-ɓul, ita ce ba a sayarwa. 'Yarta ma a riƙe.

Sai ci. Akuyar da ta wuni tana tsintar leda a bola ba ta da abin ba ki, Hajiya. Tun kaka za a tanadi harawar wake da ta gyaɗa, a ɗora bisa rumfa kafin ta yi tsada. A haɗa da dusa, da kowar wake, da 'ya'yan gawo in rani ya yi. Ɗan gishirin lasa. Ruwa kuwa kada ya yanke, domin mafi yawan nono ruwa ne.

Kwanakin farko bayan haihuwa a bar wa ɗan dakashinsa, shi ne garkuwarsa.

Na ji wani ya ce nonon akuya yana da ƙarni. Je ka duba inda aka ɗaure bunsuru. In yana kusa da wurin tatsa, warinsa zai shiga. A nisanta shi, a wanke hannu da hantsa da ruwan ɗumi, a tace, a tafasa kafin a ba yara, saboda akwai cutar da ke bi ta ɗanyen nono ta kama mutum.

Cutar PPR, mai zawo da majina, tana iya share garke cikin 'yan kwanaki. Allurar rigakafinta a cibiyar binciken dabbobi ta Vom, jihar Filato, ake haɗa ta, ku tambayi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku. Sabuwar akuya kuma a ware ta mako 2 kafin ta shiga cikin sauran.

To, mai tambaya ya ɗaga hannu.